Tambaya da Amsa: Baƙar Lagar Jamus da Maltinarmu ta Gida, Meye Haɗinsu?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne a Jamus ina digiri na biyu a wani gari kusa da Miyunik. Abokan karatuna in an tashi lakca ran Juma'a sukan je wani ɗan gidan abinci da suke dafa giyarsu da kansu a bayan shago, wata ja ce mai duhu suna ce mata Dunkel, wata kuma baƙa wuluk wai Schwarzbier, kuma wallahi Anti yadda suke zama su ɗaga kofi su duba a haske su shinshina, wannan yace ƙamshin burodi wancan yace cakulan wani yace gahawa, abin yana ɗaure min kai. Ni dai ban taɓa sha ba kuma bazan sha ba insha Allah, ruwan tuffa nake oda, amma ƙamshin da nake jiyowa daga inda nake zaune sak na maltina. To shine nake tambaya me yake sa ta baƙi haka, abu ɗaya ne da maltinarmu? Sannan sun ce akwai wadda aka rubuta alkoholfrei a jiki wai zan iya sha, gaskiya ne?

Ƙaninki, daga Bavariya

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya bada sa'ar karatu ya kuma tsare maka imaninka a can. Hancinka bai yi maka ƙarya ba, ƙamshin da kake jiyowa da na maltina uwarsu ɗaya, wato tsiro. Kuma tsiro ba baƙo bane a gidan Bahaushe, duk macen da ta iya kunun zaki tasan in an jiƙa dawa ko shinkafa aka lulluɓe ta kwana biyu uku ta tsiro, aka shanya aka niƙa aka zuba a kunu, sai kaga kunun ya saki yayi zaƙi tun kafin a sa suga. Dalili shine ƙwayar hatsi in ta fara tsiro tana fitar da wasu sinadarai da suke narkar da sitacin cikinta ya koma suga. Su Jamusawa da sha'ir suke yi, su jiƙa shi kamar kwana biyu, su barshi ya tsiro kwana huɗu zuwa shida, sannan su busar dashi da iska mai zafi don tsiron ya tsaya.

To a wajen busarwar nan ne duk labarin baƙin yake, kuma nan nake so ka tsaya ka fahimta sosai don shine amsar rabin tambayarka. Ka tuna suyar gyada. Gyada ɗaya ce, in ka sauke da wuri fara ce ba wani ƙamshi, in ka ƙara juyawa tayi ja ƙamshi ya cika gida, in ka sake ta daɗe tayi baƙi ta fara ɗaci. Tsiron sha'ir ma haka, wanda aka busar a zafi kamar digiri 80 shine fari, dashi ake yin farar laga, wato irin giyar da ake tsimawa a wuri mai sanyi. Wanda aka kai digiri 100 da ɗoriya shi suke kira tsiron Miyunik, ja ne, shine yake bada ƙamshin ɓawon burodi da abokanka suke faɗa, kuma Dunkel kusan gaba ɗayanta dashi ake yi. Akwai kuma wanda ake zubawa a ganga mai juyawa a gasa shi sama da digiri 200 har yayi baƙi kamar ƙwayar gahawa, wannan kaɗan ake barbaɗawa a cikin farin, ɗan kaso kaɗan cikin ɗari ya isa ya mayar da tukunya guda baƙa, shine sirrin Schwarzbier da ƙamshin gahawa da cakulan ɗin nan. Ba a zuba gahawa ba, ba a zuba cakulan ba, wuta ce kawai da hatsi. Wani masanin Faransa Louis-Camille Maillard ne ya bayyana abin a 1912, cewa in suga da furotin suka haɗu a kan zafi sai launi ya canja ƙamshi ya fito. Gangar gashin kuwa wani Bature Daniel Wheeler ne ya yi mata rajista a Ingila a 1817.

Abinda mutane da yawa basu sani ba shine baƙar ita ce ta farko a tarihi. Da can da wutar itace ake busar da tsiro, ba mai iya saita zafi, don haka kusan duk giyar Bavariya mai duhu ce. Farar nan mai ruwan zinare da ta cika duniya sai a 1842 ta fito a garin Pilsen na ƙasar Cek, a hannun wani ɗan Bavariya Josef Groll. Garin Bad Köstritz a jihar Turingiya akwai rubutun da ya nuna ana dafa giya a can tun 1543, kuma har yau shi ake fara ambata in ana maganar Schwarzbier. A Bamberg ma har yanzu akwai masu busar da tsiro da hayaƙin itace kamar yadda kakanninsu suka yi. Sannan dokar nan tasu ta 1516 da aka kafa a Ingolstadt, wadda nasan abokanka sun ishe ka da labarinta, cewa tayi ruwa da sha'ir da furen nan mai ɗaci da suke kira Hopfen kaɗai za a sa. Gonakin furen suna nan Hallertau arewa da Miyunik, in ka bi ta wajen da bazara zaka ga dogayen sanduna da waya ganye ya nannaɗe su.

Yanzu inda hanya ta rabu. Ana niƙa tsiron a jiƙa a ruwan zafi kamar digiri 65, a tace, a tafasa da furen, sai a samu wani ruwa mai zaƙi mai duhu. Har zuwa nan ba ɗigon barasa a ciki. In aka ɗauki ruwan nan aka ƙara suga da gas aka dafa shi a kwalba don ya kashe ƙwayoyin cuta, maltina kenan. In kuma aka zuba masa yis aka barshi, yis ya cinye sugan ya fitar da barasa, giya kenan. Ita laga yis ɗinta na sanyi ne, a wajen digiri 10 yake aiki a hankali, sannan a ajiye ta makonni a wuri mai sanyi, da a kogo da ƙarƙashin ƙasa suke yi da ƙanƙara, har a 1553 aka hana dafa giya a lokacin zafi a Bavariya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba saboda lalacewa take. Sai da Carl von Linde ya kawo injin sanyi a shekarun 1870 abin ya sauya. Kuma kar baƙin ya ruɗe ka ko kace tunda tana kama da maltina ai mai sauƙi ce, barasar cikinta kusan kashi 5 cikin ɗari ne, daidai da farar. Giya ce cikakkiya, hukuncinta kuma ba ɓoyayye bane.

Maganar alkoholfrei, ƙanena ka buɗe ido. A Jamus ana iya rubuta wannan kalmar a kwalba alhali akwai barasa har kashi 0.5 cikin ɗari a ciki. Wasu ana tsayar da yis ɗin ne tun bai yi nisa ba, wasu kuma sai an gama giyar tsaf sannan a cire barasar da inji. Wadda aka rubuta 0,0% ita ce suke nufin babu. Malamai sun yi magana a kan irin waɗannan kuma basu haɗu a kan abu ɗaya ba, musamman wadda ta fara zama giya kafin a cire, wannan ba fagena bane, ka samu limamin masallacinku na can ka tambaye shi da kwalbar a hannu. Ni dai in ra'ayina kake so, abin da zuciya take kokwanto a kai barinsa yafi kwanciyar hankali, kuma baka yi asarar komai ba, don daɗin da suke yabawa a hatsin yake.

Wannan shine abinda nake so ka riƙe, kuma wallahi yana damuna yadda mu bamu ɗauki ɗanɗano da muhimmanci ba alhali muna da hancin da harshen. Ka shiga kanti ka nemi Malzkaffee, gahawar tsiron sha'ir ce gasasshe, ba barasa ba komai, yara ma suna sha, akwai Caro a kusan kowane kanti. Ka haɗa ba suga ba madara karon farko. Ko ka sayi Vitamalz ko Karamalz, su ne maltinar Jamus, ka karanta bayan kwalbar don ka tabbatar da kanka. Mafi kyau ma, tunda gidan abincin nan su suke dafa kayansu, ka roƙi mai gidan ya ɗebo maka ƙwayar tsiron kala uku, fari da ja da baƙi, masu ƙananan wuraren nan suna son a tambaye su sana'arsu, ka tauna ɗaya bayan ɗaya, farin zaka ji gari-gari da ɗan zaƙi, jan zaka ji burodi da ɗan ƙanzo, baƙin kuma ɗaci ne mai ƙamshi da yake daɗewa a baki. In kayi haka ka riga ka san abinda suke nufi fiye da wasu daga cikin masu shan.

Yadda suke ɗanɗanawa kuma ba wani sihiri bane, zaka iya yinsa da molt ɗinka. Kar ka sha daga kwalba ko gwangwani, ka juye a kofin gilas mai tsabta saboda hanci ya samu hanya, yawancin abinda muke kira ɗanɗano ƙamshi ne. Kar ya zama yayi sanyi ƙarara, sanyi yana danne ƙamshi, in ka fito dashi daga firij ka bashi minti goma. Ka ɗaga a haske, zaka ga abinda ka zata baƙi ne ashe ja ne a gefe-gefe. Ka shinshina kafin ka kurɓa, ka kurɓi kaɗan ka barshi ya zagaya baki, bayan ka haɗiye ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci, a nan ne gashin yake fitowa. Sai ka tambayi kanka me ya rage a harshe, zaƙi ne ya manne ko kuwa bakin ya wanke kana son ƙari. Su a wajensu mai kyau ita ce wadda gashin ya fito amma bai kai ƙauri ba, kuma zaƙin bai rufe komai ba.

A nan ne nake jin takaicin molt ɗinmu na gida, suga ya yi yawa har ya binne tsiron, kuma in ka duba jerin kayan haɗi zaka ga duhun yawanci na ƙonannen suga ne da ake sawa don kala. Gashi muna da dawa. Tun 1988 da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir kamfanonin Najeriya suka koma kan dawa, dawar da manomanmu na Arewa suke nomawa, kuma har bayan an ɗage takunkumin basu daina saye ba. Ina ma a samu matasa masu ilimin abinci su gasa tsiron dawa kala-kala, kaura daban farafara daban, su fitar da abin sha mai duhu mara barasa mai ƙarancin suga. Kai da kake tsakiyar masu wannan sana'ar, in ka samu hutu ka je Bamberg, akwai kamfanin tsiro na Weyermann da yake aiki tun 1879, ka ga yadda ake gashin da idonka.

Salam Anti. Dan Allah ni tambayata biyu ce, na haihu wata biyu kenan, surukata kullum sai ta haɗa min maltina da madarar gwangwani wai ƙarin jini ne, da gaske yana ƙarawa? Kuma maigidana yace ya ji wai akwai giya a ciki tunda kamfanin giya ne suke yi.

Maman jariri, daga Kano

Barka da arziki ƙanwata, Allah ya raya mana ya baki lafiyar shayarwa, Allah ya saka wa Hajiya da alheri don kulawa ce ta sa take haɗa miki. Haɗin yana bada ƙarfi na ɗan lokaci saboda suga da madara, shi yasa kike jin kin farfaɗo, amma jini da sinadarin ƙarfe ake gina shi, shi kuwa ba a molt ko madara ake samun na kirki ba. Ki dage da hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyahu, ki haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba don suna taimakawa jiki ya tsotsi sinadarin, kuma in an baki ƙwayar ƙarin jini a asibiti ki cigaba da sha, kar ki haɗiye ta da madara ko shayi don suna rage mata aiki. In kina jin jiri ko haki ko bugun zuciya ki koma a auna jininki, kar ki tsaya ga haɗin gida. Sannan ki duba yawan sugan da aka rubuta a jikin gwangwanin, Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba kar ya wuce kamar giram 50 na ƙarin suga a rana, molt ɗaya da madara mai zaƙi sun cinye kaso mai yawa a ciki, in akwai ciwon suga a danginku sai ki ƙara kula.

Maganar maigida kuma, gaskiya ne kamfanonin giya ne suke yin manyan, Nigerian Breweries ne suka fito da Maltina a 1976, Malta Guinness kuma na Guinness ne. Amma shi molt ba a barinsa yayi tsami ya zama giya, kamar yadda na yi wa ɗan'uwanmu na Jamus bayani a sama, kuma an rubuta a jiki cewa ba barasa, ga lambar NAFDAC. In damuwarsa ita ce kuɗinsa ya shiga kamfanin da yake yin giya, wannan magana ce daban kuma yana da haƙƙin ya ƙi, akwai molt na kamfanonin da basa yin giya, sai ku duba sunan kamfanin a bayan gwangwani kafin ku saya.