Amsa: Dip lanin zai iya maye gurbin gwajin kayan kwamfosit kuwa?

Ɗan'uwa, ka ce kana aiki kan kwamfosit, wato zaren kabon da ake haɗawa da ƙaron ifoksi, kana tambaya ko dip lanin, wato koya wa kwamfuta hasashe daga tarin misalai, zai sa ka daina simuleshin (kwaikwayon gwaji a kwamfuta) da gwajin lab gaba ɗaya. Gaskiya a'a, amma zai rage maka wahala sosai.

Abin da ake yi shi ne sai ka yanka samfur ka ɗauki hotonsa a madubin ƙara girma, za ka ga zaren kamar ƙananan ɗigo-ɗigo a cikin ƙaro, wasu sun cunkushe wasu sun bar fili, to irin waɗannan hotunan dubbai ake ba CNN, wato model ɗin dip lanin mai karanta hoto, tare da sakamakon da manhajar simuleshin ta Abaqus ta fitar, daga nan ya koyi hasashen tauri cikin daƙiƙa maimakon awanni. Har juya tambayar ake yi, ka faɗi taurin da kake so shi ya nemo maka jerin shimfiɗar zaren, kowace a kusurwar digiri 0 ko 45 ko 90.

Inda nake jin tsoro shi ne karyewa. Tauri yana da sauƙin hasashe, amma tsagewa daga ɗan kumfan iska ɗaya take farawa ko inda shimfiɗa biyu suka rabu, kuma in model bai taɓa ganin irinsa ba zai ba ka amsa da ƙarfin gwiwa alhali ba daidai ba ce. Jirgin sama Boeing 787 kusan rabin nauyinsa kwamfosit ne, ka ga ba wajen wasa ba ne.

Ka fara da PyTorch, manhajar da ake gina irin wannan model da ita, ka ware wasu samfura ka karya su da injin ja ka gwada da abin da model ɗin ya faɗa.