Tambayoyinku Kan Zana Fatan ɗin Ɗinki a Kwamfuta

Assalamu alaikum. Na daɗe ina yanka fatan a takarda, yanzu ina so in koma kwamfuta. An ce mini sai da manhajar Illustrator. Dole ne in biya kuɗinsa, ko akwai wata hanya?

Wa alaikumus salam, Malama. Ba dole ba ne. Duk manhajar zanen bekta, wato wadda take ajiye layi a matsayin lissafi ba tarin ɗigogin hoto ba, za ta iya fitar da fatan muddin tana yin abu huɗu: ki rubuta mata tsawon layi da kusurwarsa da lamba ta zana, ta auna miki tsawon lanƙwasa, ta zagaye zane da wani layin a tazara ɗaya don alawus, wato rarar yadin da ake bari a bayan layin ɗinki, sannan ta fitar da PDF a ainihin girmansa. Sauran kayan ado da ke cikinta, launuka da inuwa da salon rubutu, ba ruwan tela da su.

Illustrator yana yin duka huɗun, kuma yawancin masu koyar da fatan da masu sayar da shi da shi suke aiki, don haka darasi ba zai yi miki wuyar samu ba. Sai dai tun 2013 kamfanin Adobe, mai shi, ya daina sayar da sababbin sigoginsa a mallaka. Haya ce, wata-wata ko shekara-shekara, ranar da kika daina biya ya rufe, ko da fayilolinki suna nan. Manhajar Inkscape kuwa kyauta ce, kuma tun fitowar siga ta 1.2 a 2022 tana ɗaukar shafuka da yawa a fayil ɗaya, abin da a da yake hana masu fatan sakewa da ita. CorelDRAW ma yana yin duka huɗun. Wanda hannunsa ya riga ya faɗa a kansa ba shi da dalilin ƙaura.

Akwai kuma Seamly2D, ita ma kyauta, amma tsarinta daban ne. Ba a jan layi da ido a cikinta. Kowane ɗigo sai kin ba shi ƙa'ida, misali kwatan ƙirji a ƙara santimita 2, awon mai kaya kuma yana fayil na dabam. Idan wata ta zo da nata awon, fayil ɗin kawai za ki sauya, fatan ya sake zana kansa. Rigar farko za ta cinye miki kwanaki, ta goma kuwa mintuna.

Shawararmu: idan ɗinkin awo kike yi wa mutane daban-daban, ki jure ki koyi Seamly2D. Idan fatan kike son sayarwa, ki fara da Inkscape, sai ciniki ya kama ki duba ko hayar Illustrator za ta biya kanta. Idan kuwa masana'anta za ki kai wa aiki, ki tambaye su tun kafin ki ja layin farko. Su da manhajoji irin su AccuMark ko Modaris ko Optitex suke aiki, kuma yawanci fayil ɗin DXF mai tsarin AAMA ko ASTM suke so. DXF ɗin da manhajar zane ta gama-gari take fitarwa ba shi ba ne, layuka kawai yake ɗauke da su, babu bayanin saiz da alamomi.

Na zana siket daidai awo, na buga, na ɗinka, ya ƙi shiga. Firintar ce ba ta da kyau? In sauya ta?

Kada ki taɓa kuɗinki tukuna. Ki zana murabba'i mai santimita 10 kowane gefe a shafin farko na kowane fatan, ki buga wannan shafin shi kaɗai, ki ɗora rula ta ƙarfe a kai. Kada ki auna da tef ɗin awo, don tsohon tef yakan miƙe. Ki auna tsaye, ki auna kwance, saboda wata firintar wajen jan takarda take ɓata gefe ɗaya ta bar ɗayan.

Idan ya fito 9.6 ko kusa da haka, laifin tagar bugawa ne. An bar ta a kan Fit, sai ta matse shafin don ya shiga iyakar da firinta take iya kaiwa. Ki mayar da ita Actual size, ko kashi 100. Milimita 4 a murabba'i kamar ba komai ba ne, amma kashi 4 cikin ɗari ne, a kwankwaso mai santimita 100 kin yi asarar santimita 4, saiz guda cur. Buɗe PDF a burauza ko a waya ma yakan jawo haka, gara a buga daga Acrobat Reader a kwamfuta.

Idan ya fito 7.5 daidai, ba firinta ba ce sam. Fayil ɗin SVG ne, wani nau'in fayil na zanen bekta, aka ɗauko daga Illustrator aka buɗe a Inkscape. Illustrator yana lissafa ɗigo 72 a inci ɗaya, Inkscape kuma 96, sai komai ya koma kashi 75. Idan aka bi ta ɗaya hanyar yakan kumbura ya kai 13.3. Tsofaffin fayilolin Inkscape na kafin siga ta 0.92 a kan 90 aka gina su, su kuma wajen 9.4 suke bayarwa idan ba a amsa tambayar da manhajar take yi wajen buɗewa daidai ba. Maganin duka shi ne a riƙa musayar fatan tsakanin manhajoji da PDF, kuma a duba murabba'in da zarar an buɗe.

Saura ƙaramin ɓarawo guda: kaurin layi. Inkscape, yadda take zuwa, tana haɗa kaurin layin cikin awon da take nunawa, sai murabba'i mai layin milimita 1 da kika rubuta masa 10 ya zama 9.9 daga tsakiyar layi zuwa tsakiyar layi. Ki shiga saitinta ki zaɓi Geometric bounding box. A Illustrator kuma ki tabbata Use Preview Bounds a kashe yake.

Ina bukatar allon zane mai alƙalami, ko maus ya isa?

Maus ya isa, Malam. Zanen fatan dannawa ne da rubuta lamba, ba gwanintar hannu ba. Kwamfuta mai RAM gigabait 8 ma ta wadatar. Sai in za ka shiga manhajar da ke gwada kaya a jikin mutum-mutumi, irin CLO, nan ne ake neman inji mai ƙarfi. Idan kuɗin suna ƙaiƙayinka, sayi babban allon kwamfuta, ka riƙa ganin ƙafar wando daga ƙugu har ƙasa ba tare da ja da baya ba.

Hannun rigata ba ya zama a ramin hammata. Na auna su biyun a kwamfuta sun yi daidai, amma a keke sai ɗaya ya fi. Manhajar ce take ƙarya?

Muna kyautata zaton layin yanka kika auna, ba layin ɗinki ba. A miƙaƙƙen layi duk ɗaya ne, amma a lanƙwasa sun sha bamban. Ramin hammata ciki yake lotsawa, don haka layin yankansa ya fi na ɗinkinsa gajarta. Saman kan hannu kuwa waje yake kumburowa, nasa layin yankan ya fi tsawo. A lanƙwasar da ta yi kwatan da'ira, alawus na santimita 1.5 yana sauya tsawon da kusan santimita 2.4. Kin ga idan gefunan yanka suka yi daidai, inda allura za ta bi ba zai taɓa yin daidai ba.

Ga yadda ake bi. A fara zana komai a layin ɗinki, babu alawus ko kaɗan. A auna ramin gaba da na baya, kowanne shi kaɗai, sai a auna kan hannu daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. A Illustrator tagar Document Info ce take nuna tsawon layin da aka zaɓa idan an kunna Objects, a Inkscape kuma Measure Path a cikin Extensions. A yadin da ba ya talewa, kan hannu yakan fi ramin da santimita 1.5 zuwa 3 don kafaɗa ta samu wurin zama, kwat ta fi haka, yadi mai talewa kuma kusan babu ƙari. Wannan rarar a sama ake sha da ita, tsakanin alamomi, ba a ƙarƙashin hammata ba. A sa alamar tsaga ɗaya a gaba, biyu a baya, don kada a juya hannun.

Lanƙwasar kanta a rage mata ɗigogi. Uku ko huɗu sun ishi ramin hammata. Duk ɗigon da aka ƙara wuri ne da layi zai iya karyewa, almakashi kuma sai ya nuna. Shi ya sa ba ma son a ɗauki hoton tsohon fatan a ce manhaja ta bi shi da kanta: ɗaruruwan ɗigogi take zubawa, kuma layi biyu take fitarwa, ɗaya a kowane gefen fensir. A sa hoton a leya ta ƙasa, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin zanen, a daidaita girmansa da rular da aka ɗauka tare da shi, a bi da hannu.

Kafin alawus, ki kwafi gaba da baya, ki juya ɗaya har kafaɗunsu su haɗu kamar an ɗinke, ki dubi wuya da hammata. Idan akwai kusurwa ko lotsi a mahaɗar, yanzu ne lokacin gyara. Haka za ki haɗa su ta gefe. Inda wuya ya taɓa layin ninki kuma dole ya sauka a digiri 90, in ba haka ba da an buɗe yadin za ki ga ɗan tsini ko ɗan rami a tsakiyar wuya.

Sai a ƙarshe alawus, a leyarsa ta dabam. Illustrator yana da Offset Path, Inkscape tana da Offset cikin Path Effects, CorelDRAW kuma Contour. Zanen ya zama rufaffe, don idan akwai ɗigo biyu da ba su haɗe ba, layin zai zagaye ciki da waje kamar tsiran alade. Santimita 1.5 a gefe, 1 a wuya da hammata, 3 zuwa 4 a kalmasa, shi ne abin da aka fi yi, amma manhaja tazara ɗaya take bayarwa a lokaci guda, sai a yi sau uku a yanke a haɗa. Kalmasar hannu ko ƙafar wando mai tsukewa kada a bar wa manhaja: a kifa layin gefe a kan layin kalmasa kamar madubi, in ba haka ba idan aka naɗe ba za ta kai ba. Duk da wannan, a ɗinka gwaji da akoko kafin a sa almakashi a yadin kirki.

Zan iya ƙara girman fatan da kashi 10 in samu saiz na gaba?

A'a. Jiki ba ya girma haka. Idan tazarar saiz santimita 4 ce a ƙirji, kowane kwata na riga santimita 1 yake samu, amma wuya da kafaɗa 'yan milimita kawai suke ƙaruwa. Ƙarin kashi 10 zai buɗe wuya, ya zubo da kafaɗa, har alawus ɗin 1.5 ya koma 1.65. Gajeriyar hanyar da take aiki ita ce ka zana mafi ƙanƙanta da mafi girma da hannunka, sai Blend a Illustrator ko Interpolate a Inkscape ya cike tsakani, mataki 3 idan saiz 5 kake so. Sharaɗin shi ne zanen biyu su zama da yawan ɗigogi ɗaya, su faro daga wuri ɗaya, su zagaya ta fuska ɗaya, in ba haka ba na tsakiyar za su murɗe. A layin ɗinki ake yi, kuma a sake auna hannu da hammata a kowane saiz.

Na gaji da manna takardu. In sayi babbar firinta ne, ko majigi?

Gajiyar tana da dalili. Takardar A0 milimita 841 ce a 1189. Idan aka yanka ta gida-gida na 190 a 260, girman da yake shiga A4 da kuma takardar Letter ta Amurka, shafi 25 ke nan, kowanne sai an datse an manna. Amma babbar firinta mai naɗin takarda na faɗin inci 24 ko 36 sai mai bugawa kullum, don tawadarta takan bushe ta toshe idan ta zauna. Mai buga fatan biyu ko uku a wata ya kai fayil ɗin A0 shagon da ke buga zanen gini, ya ce kashi 100, ya auna murabba'in kafin ya bar wurin. A bambanta saiz da salon layi, wani ɗigo-ɗigo wani tsinke-tsinke, don launi ɓacewa yake a bugun baƙi da fari.

Majigi kuwa yana haska fatan kai tsaye a kan yadi, babu takarda gaba ɗaya, kuma ga mai yanka wa kansa ya fi babbar firinta ma'ana. Lamba biyu za ki duba kafin saye. Ta farko ainihin ƙarfin hotonsa, wanda ake rubuta wa native, ba wanda aka ce yana karɓa ba. Mai 1920 a 1080 idan ya haska faɗin santimita 120, kowane ɗigonsa wajen milimita 0.6 ne, mai 1280 a 720 kuma kusan milimita 1. Ta biyu throw ratio, wato nisa a raba da faɗin hoto. Ki auna daga inda gilashinsa zai tsaya zuwa saman teburi: idan santimita 120 ne kuma lambar 1.2 ce, faɗin santimita 100 kawai za ki samu. Ɗakin da rufinsa ya yi ƙasa sai majigi mai gajeren zango.

Bayan an kafa shi, a haska zanen gida-gida a kan tabarmar yanka mai layuka, a auna kusurwa huɗu da tsakiya, don idan ya ɗan karkata gefe ɗaya zai fi ɗayan faɗi. A sake aunawa duk ranar da aka motsa teburin. Fayil ɗin majigi kuma daban ake fitar da shi: shafi ɗaya babba, layi mai kaurin milimita 1 ko fiye, kowane saiz a leyarsa, guntayen duk suna kallon fuska ɗaya bisa tsayin yadi, a kuma bar fili mai yawa a gefuna don a samu jan zanen har bakin teburi.