Amsa: Wane batu zan ɗauka kan ci gaba mai ɗorewa a Legas?

Malama, kin ce kina karanta labarin ƙasa kuma kina tunanin yin bincike a Makoko, unguwar masunta da aka gina a kan ruwa. Shawarata ki bar Makoko. Tun da aka rushe wani sashenta a 2012, kowa can yake tururuwa da kyamara, har mutanen sun gaji da tambayoyi.

Ki duba ruwan sha. Muradi na 6 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 kan ruwa da tsafta yake, amma a unguwannin Agege da Idi-Araba ɗan garuwa ne ke shayar da gidaje da yawa. Ki bi shi da asuba, ki ga rijiyar burtsatsen da yake ɗebowa, jarka nawa kurarsa ke ɗauka, nawa ya saya, nawa ya sayar, sannan ki sa tazarar da ke tsakanin rijiyar da gidajen a taswira. Ki lura ko rijiyar tana dab da masai, don nan ne ruwa ke gurɓata.

Kuma ki fara gaida Sarkin Hausawan unguwa kafin ki fito da takarda. In ba haka ba, za su ɗauka 'yar haraji ce.