Fatawa: Na daina shan tiramol, ko zan iya komawa don sauke haƙƙin iyalina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, matata ɗaya da 'ya'ya biyu. Wajen ƙwadagon yankan shinkafa na fara shan tiramol don kada in gaji, har ya riƙe ni shekara huɗu. Yanzu watana biyar ban sa shi a bakina ba. Sai dai tun da na daina, shimfiɗata ta lalace: wani lokaci babu sha'awar sam, in kuma ta zo, ina kusantar iyalina sai in kawo nan take. Ba ta ce komai ba, amma ina gani a fuskarta. Wani abokina ya ce in riƙa shan ƙwaya ɗaya daren da nake buƙata, tunda don haƙƙin aure ne, ba don maye ba. Ya halatta? Kuma tana da ikon kai ni gaban alƙali?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya tabbatar da kai a kan tubanka.

Shawarar abokinka ba ta halatta ba. Ɗariƙ ɗan Suwaid ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, game da giya, ya ce don magani yake haɗa ta, sai aka amsa masa da cewa ba magani ba ce, cuta ce. Muslim ne ya ruwaito. Wani zai ce ai tiramol maganin asibiti ne. Haka ne, kuma ba mu haramta shi ga wanda ya karye ko aka yi wa tiyata ba, in likita ya rubuta masa da ƙa'ida. Amma kai wannan ƙwayar ta taɓa mallake ka shekara huɗu. Abin da aka san ƙofa ce zuwa ga haram a wurin mutum, malamanmu na Malikiyya suna toshe shi tun daga bakin ƙofa, wato saddu zari'a. Ƙwaya ɗaya daren Juma'a, kafin a cire amfanin gona ta koma kullum. Akwai kuma hatsarin da matasa ba su sani ba: wanda ya daina na watanni, jikinsa ba ya ɗaukar adadin da ya saba a da. In ya koma ya zuba kamar yadda yake yi, yana iya faɗuwa da jijjiga ko numfashinsa ya tsaya. Balle irin na bayan fage mai lamba 225, wanda hukuma ba ta yarda da shi ba tun asali. Mai 50 da mai 100 ne aka amince wa asibiti. Allah yana cewa a Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka da hannuwanku.

Abin da ke damunka kuwa larura ce sananna, kada ka ɗora ta a kan sammu. Tiramol da kodin da danginsu suna danne umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina su samar da sinadarin mazakuta, testosteron, shi ya sa sha'awa ke mutuwa. Tiramol kuma yana jinkirta inzali, har wasu angwaye don haka suke fara shi. Jiki ya saba da wannan linzamin, da aka cire sai ya riƙa zarcewa. Ga mafi yawan mutane abin yana daidaita cikin watanni, kodayake ba kowa ne ke warkewa lokaci ɗaya ba. Fargaba ma tana ƙara shi. Wanda ya shiga ɗaki yana tsoron jin kunya ya riga ya gaji kafin ya fara.

Neman magani halal ne, har ina ganin ya zama dole a kanka tunda haƙƙin wata ya rataya. Buhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da waraka. Ka je babban asibiti, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da ka sha da tsawon lokacin. Wannan ba tona asirin kai ba ne, domin ba alfahari kake da saɓo ba. A auna maka suga da hawan jini, su biyun suna kashe gaban namiji a ɓoye. In sha'awar ƙwayar na dawo maka, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano. Masu lasifika a ranar kasuwa da jarkokin maganin maza kuwa, ka yi nesa da su. An sha samun irin waɗannan haɗe-haɗen da garin ƙwayar Bature ta ƙarfin maza a ciki ba tare da awo ba, kuma mai shan wasu magungunan zuciya in ya haɗa da ita jininsa na iya faɗuwa warwas.

Sai batun alƙali. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa wanda ya kasa saduwa ana yi masa jinkirin shekara guda, in ya iya shi ke nan, in bai iya ba a raba su in matar ta so. Amma wannan ga wanda bai taɓa tarawa da ita ba ne tun ɗaurin aure. Kai kana da 'ya'ya biyu, kuma saurin inzali ba ya cikin aibobin da ake warware aure saboda su. Duk da haka kada ka fake da wannan. In abin ya daɗe, ka ƙi neman magani, ta cutu har tana tsoron fitina, ƙofar ƙara saboda cutarwa a buɗe take gare ta, kuma alƙali zai saurare ta.

Shirun da take yi shi ya fi damuna. Matanmu na karkara kunya ba ta barin su furta irin wannan, sai su ɗauka miji ya daina son su ne ko yana neman wata. Ka zaunar da ita ka ce jikinka ne yake murmurewa kuma kana neman magani. Ba sai ka zayyana mata duk abin da Allah ya rufa maka ba. Ka tsawaita wasa kafin saduwa, ka fara biya mata buƙatarta da hannu da sumba kafin taka, shari'a ba ta hana wannan tsakanin miji da mata ba. In ka kawo da wuri, ka yi alwala ka ɗan huta ka sake, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Sa'id cikin Muslim. Karo na biyu yakan fi jinkiri.

Wallahu a'alam.