Ƙwan da ya tsage ba ya fita daga gonata

Ka ce in gaya maka dalilin da ya sa na hana a wanke ƙwai mai kashi a jiki, na kuma hana a sayar da wanda ya tsage ko da a rabin kuɗi ne, alhali maƙwabtanmu kowa na sayarwa. Da wani ne ya tambaya, da ban tanka ba. Amma na lura da yadda kake haɗe rai duk lokacin da aka ware fasassu, to zauna ka ji.

Akwai wani dillali da ya daɗe yana ɗaukar ƙwai a wurina. Ba zan kama sunansa ba, yana nan da ransa. Mutumin nan ya ci tuwo a gidana, na ba shi kaya bashi ba takarda ba shaida. Wata bazara, ana tsakiyar zafin nan da kaji ke buɗe baki suna haki, ya zo ya ce in riƙa tara masa fasassu, wai ya gina wurin kiwon tarwaɗa zai riƙa dafa musu. Na ba shi a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ashe babu tarwaɗa babu dalilinta. Gonaki yake bi yana kwasar fasassu da masu kashi, ya zuba su a baho ɗaya ya wanke da ruwan rijiya. Masu ɗan kyan gani ya jera su a kiret ɗina mai alamar gonata, waɗanda suka fashe sosai ya juye a bokiti ya kai wa masu kek da masu shayi. Wata mai girkin biki ta saya, ta kaɗa mayonis da ɗanyen ƙwan tun da hantsi, ta zuba a salak, aka ajiye a rumfa har bayan la'asar. Washegari gidaje suka ɗauki amai da gudawa. Yara da dama sai da aka yi musu ƙarin ruwa, wata dattijuwa ta yi kwanaki a gadon asibiti ba ta san wanda ke kanta ba.

Da aka bi sawu, kiret ɗin wa aka tarar a ɗakin girki? Nawa.

Makarantar kwana da nake kai wa ƙwai ta aiko cewa in dakata. Otal biyun da muka yi shekaru muna ciniki, ko wayata suka daina ɗauka. Ita kuwa kaza ba ruwanta da an daina saye, kullum sai ta ci, kullum sai ta saka ƙwai. Kiret ya taru har rufi, zafi yana cinsa, mai abincin kaji yana sallama safe da yamma. Na kira likitan dabbobi da kuɗina, ya ɗebi kashin kaji da ƙwai da abinci ya aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom aka gwada. Sakamako ya fito ba a sami komai a gonata ba, amma wa ya tsaya jiran takarda? Kafin ta iso na riga na sayar da kajin da ke ganiyar ƙwai ga masu yanka, a farashin nama, don in biya bashi. Shi kuwa gogan ya tsaya gaban mai unguwa ya rantse da Allah cewa abin da na ba shi ne ya kai. Asarar kuɗin na daɗe da mayarwa. Rantsuwar nan ce har yau take ci mini rai.

Ƙwayar cutar da ta kwantar da mutanen sunanta salmonela. A hanjin kaji take zama, da na shanu, da ɓera da ƙadangare, ta fito ta kashi. Kaza na iya ɗauke da ita tana ci tana sha lafiya lau, kuma akwai irin da ke shiga cikin ƙwai tun a cikin kazar, kafin ɓawo ya rufe. Ɓawon da kake gani sumul cike yake da ƙananan ƙofofi, Allah ya lulluɓe su da wani siririn rufi. Ka wanke, ka cire rufin. In kuma ruwan ya fi ƙwan sanyi, ƙazantar ciki ake zuƙo ta. Wanda ya tsage kuwa ba sai an faɗa ba. Ita ƙwayar cutar ba ta wari, ba ta canza ɗanɗano, kuma ba nan take take kayar da mutum ba: daga awa 6 zuwa kwana 3 ciki ke fara murɗawa, shi ya sa mutane ke ɗora laifin a kan abincin da suka ci na ƙarshe. Ƙato mai ƙarfi zai sha wahala ya tashi. Jariri, da tsoho, da yaron da maleriya ko yunwa ta riga ta raunana, su takan shiga wa jini, kuma a nan ake rasa rai.

Kada ka ɗauka matsalar talaka ce. A 2010 Amurka ta janye ƙwai sama da miliyan 500 daga kasuwa saboda gonaki biyu a jihar Iowa. Kafin nan, tsakanin 2008 da 2009, tunkuzar gyaɗar wani kamfani a can ta kwantar da mutum fiye da 700, 9 suka mutu. Mai kamfanin, Stewart Parnell, ya san gwaji ya nuna cutar, ya bari aka yi lodi. A 2015 kotu ta ɗaure shi shekara 28. Nawa dillalin kuwa yana nan a kasuwa yana ciniki, har sallama yake yi mini.

Batun wanke mazubin ruwa, da canza shimfiɗa, da tsoma takalmi a bakin ƙofa, ba zan ɓata bakina ba. Wanda bai san wannan ba bai kamata a bar shi ya shiga ɗakin kaji ba.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu shi ne gaggawa. Ku shiga sana'a yau, gobe kuna lissafin babur. Kaza ta yi zawo, maimakon a kira likita sai a ruga kemis a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a antaya a ruwa saboda wani ya faɗa a waya, a ci gaba da kwasar ƙwan ana sayarwa ba a jira maganin ya fita daga jikinta ba. Haka cutar ke sabawa da magani, ranar da ta kama ɗan mutum a ba shi ya ƙi ji. Na kuma ga kai da abokanka kuna fasa ɗanyen ƙwai a madara wai ƙarin jini. A gonata ka daina. Ƙwai sai fari da gwaiduwa sun daskare, naman kaza sai zafin cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Celsius, kuma wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ba ta komawa kan albasa sai an wanke ta da sabulu.

Ƙwai mai ɗan kashi a jiki, busasshen tsumma ake sa wa. Kiret ɗinmu kuma daga yau ba ya kwana a hannun dillali, kowa ya zo da nasa. Kafin magariba ka leƙa ɗakin abinci, na ga kashin ɓera a bayan buhunan masara. Ka ɗaga su kan katako, ka toshe ramin da siminti, buhun da aka huda ka fito da shi in gani.