Takalman da ɗan kokawa ke bari a tsakiyar shimfiɗa

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fata kuna lafiya. Ka ce ka ga wani ƙaton Baturke a gasar Olamfik ta Paris, ya gama kokawa ya ci tagulla, sai ya kwance takalmansa ya ajiye su a tsakiyar shimfiɗa ya fita, kana tambaya ko doka ce ko kuwa fushi ya yi. Ba ko ɗaya. Al'ada ce ta 'yan kokawar duniya, ma'anarta ya yi ritaya, wannan karon shi ne na ƙarshe. Ba ta cikin littafin dokoki, kuma ba mai tilasta wa kowa.

Wanda ka gani Taha Akgul ne, ɗan ajin kilo 125 a kokawar firistayil, wadda aka halatta kama ƙafa da sa ƙafa a cikinta. An haife shi a 1990 a Sivas ta Turkiyya. Ya zama zakaran duniya a 2014 da 2015 da 2022, ya ci zinare a Olamfik ta Rio a 2016, tagulla a Tokyo, sai tagullar Paris a 2024. A can Paris ɗin ma Mijain Lopez na Kyuba ya ajiye nasa bayan zinarensa na biyar a jere, sai dai shi ɗan Giriko-Roman ne, inda ba a taɓa abin da ke ƙasa da ƙugu.

Me ya sa takalmi? Singileti, wato rigar kokawa, launinsa ja ne ko shuɗi gwargwadon kusurwar da aka ba ka, yau wannan gobe wancan. Takalmi kuwa naka ne, shi ke bin ka atisaye kullum. Ba shi da dunduniya, ba ƙarfe a jikinsa, yana kama idon sawu, kuma dole a naɗe igiyarsa da tef ko a rufe ta kada ta kwance ana tsaka da kokawa. Ba a yawo da shi a titi, don ƙurar waje na sa tafinsa santsi, tana kuma kawo ƙwayoyin cutar fata kan shimfiɗa. Abin da ba shi da aiki sai a wannan fili, in mai shi ya bar shi a can, ai magana ta ƙare.

Akwai ladabin yin ta. Sai an busa, ya gaisa da abokin karawa, alƙali ya ɗaga hannun wanda ya yi nasara, ya je ya gaisa da kocin ɗaya ɓangaren, sannan ya dawo ƙaramin da'irar tsakiya mai faɗin mita 1 ya ajiye su gefe da gefe. Wanda ya cire takalmi kafin a ɗaga hannu ya tauye wa abokin karawarsa haƙƙi, kuma ni ban ga kyan hakan ba.

Amma ba za ka san nauyin abin ba sai ka san me mutum ke ajiyewa. Kokawar firistayil kanta minti 6 ce: zagaye biyu na minti uku-uku, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani. Ka kai mutum ƙasa ka mallake shi ta baya, maki 2. Ka jefa shi daga tsaye bayansa ya fuskanci shimfiɗa, maki 4. Ka tura shi wajen babban da'irar kokawa, maki 1. Ka danne kafaɗunsa biyu, an gama; haka ma in tazara ta kai maki 10. Wanda ke noƙewa ana sa masa agogo na daƙiƙa 30, in ya kasa cin maki a ba abokinsa 1. Saboda waɗannan mintuna shida mutum ke shafe shekara huɗu tsakanin Olamfik da Olamfik, gwiwa da kafaɗa da wuya suna biya, kunne ya tara jini ya kumbura ya daskare idan ba a zuƙe shi da wuri ba.

Mafi cin rai shi ne sikeli. Ajin maza na firistayil a Olamfik shida ne kacal: 57, 65, 74, 86, 97 da 125. Dubi ratar da ke tsakanin 74 da 86, kilo 12. Mai nauyin 80 ko dai ya matse jikinsa ya sauka, ko ya hau ya kara da waɗanda suka fi shi ƙashi. Ana yin awo safiya biyu: ranar farko minti 30 aka ware, rana ta biyu minti 15, kuma a Olamfik ba a yafe ko giram ɗaya. Matsalar tana rana ta biyu ne, don bayan awon farko dole mutum ya ci ya sha ya samu ƙarfin karawa uku ko huɗu, sannan ya kwana yana fitar da ruwan ta gumi. Vinesh Phogat ta Indiya ta kai wasan ƙarshe a ajin kilo 50 a Paris, da safe ta haura da giram 100, aka cire ta, ko azurfa ba ta samu ba. Wanda ya rage nauyi da ƙishirwa kaɗai, ƙafafunsa ne ke fara mutuwa a zagaye na biyu.

Tagullar Akgul ta Tokyo ma tana da darasi game da tsarin. Gable Steveson na Amurka ya doke shi tun a zagayen 'yan takwas, amma da Steveson ya kai wasan ƙarshe sai aka dawo da duk waɗanda ya kayar su nemi tagulla. Shi ya sa kowane aji ke da tagulla biyu, kuma wanda aka kayar ba ya sakin jiki da abinci sai ya ga inda mai kayar da shi ya tsaya.

Ka kuma tambaya ko wanda ya ajiye takalmi zai iya dawowa. Zai iya, al'adar ba ta ɗaure shi ba. Abin da ke ɗaure shi takarda ce: in yana cikin jerin waɗanda ake bi gida ana gwada su kan ƙwayoyin ƙara kuzari, kuma ya rubuta cewa ya yi ritaya, sai ya ba da sanarwar wata 6 yana shirye a gwada shi kafin ya sake shiga babbar gasa.

Ka gai da mahaifiyarka.

Baffanka