Hukuncin Ziyartar Tsohon Gidan Ruhubanawa na Mon San Mishel

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Faransa. Makarantarmu ta shirya kai mu Mon San Mishel, tsibirin da aka gina coci da gidan ruhubanawa a ƙololuwarsa. Ya halatta in je, in shiga ciki? Idan lokacin salla ya riske ni a can fa?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, zuwan ya halatta, shigar ma ta halatta bisa sharuɗɗa, amma kada ka yi salla a cikin cocin, kada kuma ka taka yashin tekun ba tare da ɗan jagora ba.

Wurin nan, da Faransawa ke rubutawa Mont-Saint-Michel, dutse ne a gaɓar tekun Normandi, a arewa maso yammacin Faransa. Kiristoci na cewa a shekarar 708 wani bishof mai suna Ober ya yi mafarkin Mala'ika Mika'ilu ya umarce shi da gina wurin bauta a kansa. Ruhubanawa sun zauna tun 966, bayan juyin juya halin Faransa aka mai da shi kurkuku har 1863, a 1979 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Yau hukumar gwamnati mai kula da gine-ginen tarihi ce ke riƙe da shi, ita ke sayar da tikiti, don haka kuɗin shigarka ba baiko ba ne ga coci. Sai dai tun 2001 akwai ruhubanawa kaɗan, maza da mata, da ke ibada a ciki, ciki har da ta tsakar rana.

Asalin tafiya don gani da ɗaukar izina halas ne, Allah ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Hadisin da ya hana ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku yana magana ne kan tafiyar neman lada da albarkar wuri. Nan ne niyya take da nauyi, domin tun ƙarnonin baya Kiristoci ke zuwa dutsen nan ziyarar ibada. Muna son Mika'ilu, Alƙur'ani ya ambace shi da suna a Baƙara aya ta 98, amma mafarkin bishof ba hujja ba ce a wurinmu, kuma mutum-mutumi mai ruwan zinariya da ke kan tsinin hasumiyar ba shi ba ne. Wanda ya je da nufin tabarruki ya saɓa.

A kan shiga coci malamai sun yi saɓani. Hanafawa sun tsananta. Hambalawa sun halatta, Ibn Ƙudama ya kawo cewa Sayyidina Aliyu ya shiga coci a Sham tare da Musulmi. Masu hanawa suna riƙe da maganar Sayyidina Umar da Buhari ya kawo, cewa ba ma shiga majami'unku saboda gumakan da ke ciki. Abin da na rinjayar shi ne halasci ga mai buƙata ta ilimi, domin Ummu Habiba da Ummu Salama sun ba Annabi (SAW) labarin cocin da suka gani a Habasha da hotunansa, sai ya zargi masu ginin, ba a ruwaito ya zargi matan ba. Sharaɗin shi ne ka kauce wa lokacin ibadarsu, musamman 29 ga Satumba da suke bikin Mika'ilu, kada ka kunna kyandir, kada ka rusuna wa gunki, kada ka sayo gicciye ko laya mai hotonsa. Ka kuma kiyaye ladabi: ba ba'a, ba ɗaga murya. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, ka tsaya a ganuwa da farfajiyar sama, babu laifi.

Salla kuwa, Imamu Malik ya karhanta ta a coci, Ibn Abbas ma ba ya yin ta a wadda ke da gumaka. Ka yi sallarka a ɓangaren tudu, kusa da wurin ajiye motoci, kimanin kilomita 2.5 daga dutsen, inda motocin kyauta ke ɗaukar mutane. Ka ƙiyasta lokaci da kyau, don hawa zuwa saman matakala ce kusan 350 cikin cunkoso. Alƙibla tana gabas maso kudu, wajen digiri 115. Wanda ya taso daga birnin Faris, kimanin kilomita 360, matafiyi ne, zai yi ƙasaru. Wanda ya taso daga birnin Ren, wajen kilomita 70, bai cika tazarar ƙasaru ta kusan kilomita 80 ba, sai ya cika. Ruwan teku yana alwala, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne tekun. Tazarar cikarsa da janyewarsa tana kaiwa mita 14. Idan ya janye sai ka ga fili fetal na yashi har iya ganinka, kamar ka shimfiɗa darduma ka ta da kabbara. Kada ka yi. Ruwan ba ta gaba kaɗai yake dawowa ba, yana fara cika kwaruruka da hanyoyin koguna, sai ya zagayo ta bayan mutum ya yanke masa hanya. Akwai yashi mai zurmawa, wanda yawan mutsu-mutsu ke ƙara nutsar da ƙafa a cikinsa, hazo kuma kan sauko ya ɓoye dutsen kansa. Babbar cika tana zuwa kwana ɗaya da rabi zuwa biyu bayan haihuwar wata da bayan cikarsa, wato farkon watan Musulunci da wajen 16 da 17 gare shi, kuma takan faɗo da safe da kuma yamma, daf da magariba a wasu watanni. A mafi girmanta ruwa kan rufe bakin gadar shiga tsibirin, wadda aka buɗe a 2014, na ɗan lokaci. Shiga yashin kai kaɗai jefa kai ne ga halaka, wanda Baƙara aya ta 195 ta hana, don haka haramun ne. Da ɗan jagora mai lasisi ya halatta. Ka duba jadawalin ruwan kafin ranar tafiya.

Abinci: kifi da sauran na teku halas ne, amma ka tambaya, domin ana dafa ƙumba da farar giya. Sida, ruwan tuffa da ake sha a yankin, yana da barasa. Wainar ƙwai da fanke na garin akan sa musu naman alade, ka nemi wanda babu. Naman ragon da ke kiwo a fadamar gishiri ka bar shi, sai ka tabbatar da yankansa.

Wallahu a'alam.